Mazan Jiyan Ƙasar Citta

Mu mutanen Maradi abu biyu muka sani game da kudancin Kaduna, citta da rikici. Cittar tana iske mu a buhu, rikicin kuma a rediyo. Shi ya sa da wani ɗan'uwana mai fataucin citta ya ce in raka shi Kafanchan da hunturu, sai da tsohuwarmu ta tara mu ta yi mana doguwar addu'a tukuna ta sallame mu.

Mun bi ta Ɗan Isa muka tsallaka Jibiya, muka wuce Katsina da Funtuwa da Zariya. Tsakanin Zariya da Kaduna, a barikin Jaji, akwai cibiyar da ake horar da sojan Najeriya kafin a tura su aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje, kuma sunan Janar Martin Luther Agwai aka sa mata. Direbanmu ya nuna wajen da haɓa, ya ce mai sunan ɗan can ne inda muka dosa. Bayan Kaduna hanya ta ratsa Kujama da Kasuwan Magani da Kajuru zuwa Kachiya, inda makarantar igwa ta soja take. Daga nan ƙasa ta sake kama. Duwatsu suka tashi, itatuwa suka yi kauri, ga citta an tsaga ta biyu an shanya a kan fā da gefen kwalta, yajinta na shigowa mota ko an rufe gilashi. Ɗan'uwana ya ce wannan ba komai ba ne, in da na zo kafin cutar da ta cinye gonaki a daminar 2023 da na ga shanya.

Layin dogo ne ya haifi Kafanchan. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da na Kaduna, wani reshe kuma ya hau Jos ɗaukar kuza. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina a ƙasar Fantswam, Sarkin Jama'a ma ya dawo da fadarsa nan. Yau fada biyu ce a garin, ta Sarkin Jama'a da ta Agwam Fantswam, tasha kuma tana nan da tsofaffin taragai da ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Hausa kowa ke ji, da ita ake ciniki, da ita ake wa'azi a coci da masallaci. Sai dai baƙo ba ya kwana biyu kafin a nuna masa unguwar da ya dace ya kwana da wadda bai kamata dare ya yi masa a ciki ba.

Abin da rediyo bai taɓa gaya mini ba shi ne yawan mazan jiya. A tashar mota, a wurin awon citta, a gadin shaguna, sai ka ji ana kiran wannan Saje, wancan Samanja. Dalilin a fili yake. Makarantun mishan na Kwoi da Kagoro da Zonkwa sun yaye matasa masu takarda a ƙasar da ba masana'anta, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya kumbura sojan Najeriya daga wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, kaki ya zama sana'ar gida. Agwai, ɗan Gidan Mana a ƙasar Kachiya, ya shugabanci sojan ƙasa daga 2003 zuwa 2006. Marigayi Luka Yusuf na Kagoma ya riƙe wannan kujera daga 2007 zuwa 2008, bayan Ellen Johnson Sirleaf ta damƙa masa sojan Laberiya a 2006 don a sake gina su. Ƙarƙashin waɗannan manyan sunaye akwai dubban kurata da kofurori da ba wanda ya san su sai 'yan ƙauyensu.

Ɗaya daga cikinsu ne mai masaukinmu ya kai ni gaisarwa, wani tsohon samanja a hanyar Kagoro. Uwargidansa ta kawo gwaten acca, shi kuma ya kama ni da kallon hotunan bango. Biyu ne suka tsaya mini. A na farko yana saurayi, siriri, da farar hular kwano an rubuta ECOMOG a goshinta. A na biyu ya yi jiki, hular shuɗiya ce ta ƙyalle, da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Na ce, "Baba, wace runduna ce ta fi wuya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai kan ɗaya ne, hula aka sauya mana. Bindigar ma ita ce, ramin da muke kwana ma shi ne." Ba zolaya yake ba. A Saliyo, tsakanin ƙarshen 1999 da 2000, bataliyoyin Najeriya da ke ƙarƙashin ƙungiyar Afirka ta Yamma an mai da su na Majalisar Ɗinkin Duniya suna tsaye a inda suke.

Don a gane yadda aka kai ga wannan sauyin hula sai an koma baya. Kwamitin Sulhu na Majalisar yana da ƙasashe biyar da kowacce ke iya hawa kujerar na-ƙi ta kashe magana: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin. A zamanin Yaƙin Cacar Baka kusan kowane rikici a duniya yana da uban gida a Washinton ko a Mosko, saboda haka abin da ɗaya ya kawo sai ɗayan ya ture. Kwango ce aka gwada shiga da ƙarfi a 1960. Sojan Najeriya sun je can ƙasarsu na sabuwar 'yanci, har Aguiyi-Ironsi ya jagoranci rundunar duka a 1964. Amma an kashe Firaminista Lumumba Majalisar na ƙasar, babban sakatare Dag Hammarskjöld ya mutu a haɗarin jirgi a 1961, Tarayyar Sobiyet da Faransa suka ƙi biyan kuɗin aikin. Daga nan aka ja da baya. Aikin mai shuɗiyar hula ya zama tsayawa a kan layi tsakanin rundunoni biyu da suka riga suka yarda su tsagaita wuta, yana kallo yana rubutawa, ba ya harbi sai an harbe shi. Irinsa sojan Najeriya suka tafi yi a kudancin Lebanon a 1978. A shekara arba'in Majalisar ta kafa irin waɗannan ayyuka 13 kacal, kuma daga 1978 zuwa 1988 ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Katangar Berlin ta faɗi ran 9 ga Nuwamba 1989. Ran 24 ga Disamba Charles Taylor ya tsallako daga Kwaddibuwa ya shiga gundumar Nimba ta Laberiya da 'yan tawayensa. Mako shida ke tsakani da 'yan kwanaki, kuma a ganina labarin duka yana cikin wannan ɗan tsakanin. Laberiya 'yar ɗakin Amurka ce. A can take da tashar yaɗa Muryar Amurka zuwa Afirka, da filin jirgin Robertsfield, da gonar roba ta Firestone. A shekarun 1980 ta zuba wa shugaban Laberiya Samuel Doe kusan dala miliyan 500, ba don kyan mulkinsa ba, don kada Gaddafi ko Mosko su samu wurin zama. Da Sobiyet ta daina zama abin tsoro sai Doe ya zama kaya. A watan Agustan 1990 jiragen ruwan yaƙin Amurka suna tsaye a gaɓar Monrobiya, mutanen gari na hangen su suna jiran ceto. Suka kwashe Amurkawa da sauran baƙi, suka bar gari yadda suka same shi. 'Yan kwanaki kafin nan sojan Doe sun kashe mutum wajen 600 da suka fake a cocin St. Peter. Hankalin duniya kuwa yana Kuwaiti, wadda Saddam ya mamaye ran 2 ga watan. Mu ma a Nijar can Saudiyya muka tura namu sojan. Kada a ɗora wa Turawa laifin duka, domin ƙasashen Afirka uku da ke Kwamitin Sulhu a lokacin, Kwaddibuwa da Habasha da Zayar, ba su so a buɗe maganar Laberiya ba. Sai a Janairun 1991 Kwamitin ya fara cewa uffan.

Wanda ya shiga wannan giɓi ba don yaƙi aka kafa shi ba. ECOWAS, wadda mu muke kira CEDEAO, Gowon da Eyadema ne suka haɗa ta a Legas a 1975 don kasuwanci da kwastan da zirga-zirgar jama'a. Ran 7 ga Agusta 1990 wasu shugabanninta suka zauna a Banjul suka yanke shawarar tura soja da sunan ECOMOG, ran 24 ga wata dakaru wajen 3,000 na Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya cikin ruwan harsashi. Ba su nemi izinin Kwamitin Sulhu ba. Burkina da Kwaddibuwa na bayan Taylor, kowa kuma ya san Babangida abokin Doe ne, don haka Taylor bai taɓa ɗaukarsu masu raba faɗa ba. Mako biyu da sauka, wani madugun 'yan tawaye, Prince Johnson, ya kama Doe a harabar hedkwatar ECOMOG ɗin kanta ya tafi da shi ya kashe. Aka sauke kwamandan, Janar Arnold Quainoo na Gana, aka ɗora Joshua Dogonyaro, tun daga nan ragamar ba ta sake barin hannun Najeriya ba.

Kwamanda na huɗu ɗan kudancin Kaduna ne, marigayi Manjo Janar Ishaya Bakut na Kurmin Bi kusa da Zonkwa. Ya karɓi aiki a ƙarshen 1991, lokacin da aka sa hannu kan yarjejeniyar Yamusukuro, wadda ta ce kowa ya kwance ɗamara ECOMOG ta bazu cikin ƙasa. Bakut ya bi hanyar lallashi. Ya rarraba sojansa ƙanana-ƙananan rukuni cikin dazuzzukan da Taylor ke mulki, bisa amanar takarda. A watan Mayun 1992 aka kashe sojan Senegal shida a Vahun. A Satumba mutanen Taylor suka tsare wajen 500, suka ƙwace musu makamai da motoci, sai da Jimmy Carter ya sa baki aka sako su. Ran 15 ga Oktoba Taylor ya auka wa Monrobiya ta kowane ɓangare. Samanja yana cikin waɗanda suka tare wannan hari, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai ba ƙarar igwa ba ce. Ya ce yara ne ke fitowa daga fadama, wasu bindigar ta kusa fin su tsawo, an ba su ƙwaya sun sha, ka harba sama ba su tsaya ba. Ya ce a Jaji da Zariya ba wanda ya koya musu abin da ake yi da yaro mai bindiga. Daga nan ya yi shiru, ni ma ban ƙara tambaya ba.

A cikin wannan shekara ta 1992, Bakut na Monrobiya yana lallashin 'yan tawaye, ƙaramar hukumarsa ta haihuwa tana cin wuta. A watan Fabrairu rigima ta tashi a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa kan mayar da kasuwa sabon wuri, a watan Mayu ta dawo da muni, ta fantsama har Kaduna da Zariya, ɗaruruwa suka mutu. Kotun musamman ta yanke wa Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Samanja ya ce a rediyon wani kofur suka ji labarin, a ramin tsaro, shi da wani Bazazzagi da suke cin tukunya ɗaya. Ba wanda ya kalli ɗan'uwansa har aka rufe tasha.

A can birnin Niyok kuwa murna ake. A watan Yunin 1992 babban sakatare Boutros-Ghali ya fitar da rahotonsa kan sabon aikin Majalisar, ya ƙirga an hau kujerar na-ƙi sau 279 tun 1945, amma tun ƙarshen Mayun 1990 ba a sake ba. Hannun Kwamitin ya kwance. Tsakanin 1989 da 1994 ya kafa sababbin ayyuka 20, masu shuɗiyar hula suka tashi daga 11,000 zuwa 75,000. Aikin ma ya sauya iri. Yanzu ba layi ake gadi ba, cikin ƙasa ake shiga, a shirya zaɓe, a karɓi makamai, a raka motocin abinci, tsakanin maƙwabtan da ke yanka juna ba su kuma sa hannu kan komai ba. A Namibiya da Mozambik abin ya yi kyau. A Laberiya Kwamitin ya biyo baya, ya sa wa abin da ECOWAS ta riga ta yi albarka, a 1993 ya aiko da 'yan kallo su yi aiki gefenta, karo na farko da Majalisar ta jingina da rundunar wata ƙungiya.

Murnar ba ta daɗe ba. A Mogadishu an kashe sojan Pakistan 24 a watan Yunin 1993, an kashe na Najeriya bakwai a Satumba, duniya ba ta girgiza ba. A Oktoba aka kashe Amurkawa 18, aka ja gawa a titi a gaban kyamara, sai Amurka ta tattara nata. Wata shida bayan haka kisan Ruwanda ya fara, Kwamitin ya zauna ran 21 ga Afrilu 1994 ya rage rundunarsa ta can zuwa mutum 270. Najeriya na cikin Kwamitin a lokacin, jakadanta Ibrahim Gambari na cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙara soja maimakon a janye. Mutum wajen 800,000 suka hallaka cikin kwana ɗari. Tun daga wannan lokaci aka yi wani rabon aiki da ba a rubuta a kundin Majalisar ba, irin na mai gona da 'yan ƙwadago: manyan ƙasashe su rubuta umarni su biya kuɗi daga inuwa, masu shiga rana kuma su fito daga Bangaladash da Pakistan da Indiya da Gana da Najeriya. In ka bi sawun na Najeriyar, da yawansu za su kawo ka ƙauyukan da ke tsakanin Kachiya da Kagoro.

Ba zan wanke su tas ba, su ma ba su nemi haka ba. Mutanen Monrobiya sun zargi ECOMOG da kwasar ganima, motoci da injuna har da ƙarafan masana'antu. A Janairun 1999, da 'yan tawayen RUF suka shiga Freetown suna yanke hannuwa, masu kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta cewa sojan ECOMOG ma sun harbe waɗanda suka kama ba shari'a. Akwai kuma abin dariya mai ciwo, wato Abacha, wanda ya ɗaure wanda ya ci zaɓe a gida, shi ne ya mayar da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah kan kujerarsa a Saliyo a watan Maris na 1998. Duk da haka, in ba don waɗannan mutane ba da Monrobiya da Freetown sun faɗi tun tuni, kuma ba wani da ya yi tayin zuwa a madadinsu. Gwamnatin Obasanjo ta ce Najeriya ta kashe wajen dala biliyan 8 a wannan hidima, ta kuma ce ta gaji. Wannan gajiya ce ta jawo sauyin hula.

Na tambayi Samanja bambancin da ya gani. Ya ce ƙarƙashin shuɗiyar akwai ruwan sha mai kyau, akwai likita, akwai alawus na dala. Ya buga bangon ɗakin da tafin hannu ya ce, "Wannan bulo ai Saliyo ce ta saya, kwanon sama kuma Darfur." Shekaru da dama Majalisar na biyan dala 1,028 a wata kan kowane soja, amma hannun gwamnati take ba, daga nan kuɗin ke gangarowa, wani lokaci su maƙale a hanya. A 2008 wasu sojoji da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure kan alawus ɗinsu, kotun soja ta yanke wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta aka sake su. Kowane tsohon soja da na zanta da shi a Kafanchan ya san wannan labari.

A Saliyo ne Kwamitin Sulhu ya fara rubuta wa runduna a fili, a Oktoban 1999, cewa ta kare farar hula da ke fuskantar hari. Wata bakwai bayan haka RUF ta kame masu shuɗiyar hula wajen 500, har sai da Ingila ta turo nata sojan. A ƙarshen 2000 aka kawo Agwai mataimakin kwamanda ƙarƙashin Daniel Opande na Kenya, runduna ta kai 17,500, aka bi gunduma-gunduma har Kono mai lu'ulu'u ana karɓar makamai. Mayaƙa fiye da 70,000 suka miƙa, a Janairun 2002 aka ce yaƙi ya ƙare, kuma bai dawo ba. Nan ne sabon salon ya yi aikinsa mafi kyau. Darfur ta nuna iyakarsa. Agwai ya je can a 2007. A ƙarshen Satumba 'yan tawaye suka tarwatsa sansanin Haskanita suka kashe sojoji 12, akasarinsu 'yan Najeriya. Da aka haɗa rundunar Tarayyar Afirka da ta Majalisar, aka ce za a ba shi mutum wajen 26,000 su tsare yanki mai girman Faransa. Ya nemi jirage masu saukar ungulu 24. Har ya bar aiki a 2009 ba ƙasar da ta ba shi ko ɗaya. Da zai tafi ya faɗi maganar da ta jawo masa suka, cewa babban yaƙin ya wuce, abin da ya rage fashi ne da rigingimun ƙasa da ruwa tsakanin al'ummu.

Irin wannan ragowar ce ya tarar a gida. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an kashe ɗaruruwa a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, kasuwar garin ta ƙone. Hare-haren dare a ƙauyuka suka biyo baya shekara da shekaru. A 2015 gwamnatin jiha ta naɗa Agwai shugaban kwamitin neman mafita. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummu 29 daga Jama'a da Kaura da Sanga da Kachiya da Zangon Kataf suka sa hannu kan sanarwar zaman lafiya a Kafanchan, bayan watanni ana zama ƙarƙashin wata cibiyar sulhu ta Janiba. Matar da ta jagoranci zaman, Alice Nderitu 'yar Kenya, ita ce daga baya ta zama mai ba babban sakataren Majalisar shawara kan hana kisan ƙare dangi. Kafin shekarar ta fita an ƙone Goska a jajibirin Kirsimeti. Yau in ka fita gari ta kowace hanya za ka ci karo da shingen soja, buhunan yashi da ganguna da katako mai ƙusa, sojan ya leƙo ya ce a kunna fitilar ciki. Samanja ya ce ko tsarin ajiye gangunan irin na hanyar Kakata ne a Laberiya.

Baƙo ba ya raba gardamar kudancin Kaduna. Na zauna da masu cewa ana so a ƙwace musu ƙasar kakanni, na zauna da Hausawa da Fulanin da aka haifi kakanninsu a nan ana ce musu baƙi, kowane ɓangare na da kaburburan da zai nuna maka. Abin da na lura da shi kawai, mazan jiyan sun fi kowa ƙarancin zafin baki. Samanja ya ce a Saliyo abu uku aka yi tare, aka karɓi bindiga, aka ba yaro sana'a, aka kafa kotu ta kama manya, har Taylor kansa yana kurkuku yau. Ya ce a nan kuwa shinge ake kafawa, a yi taro, a ɗauki hoto.

Na daɗe ina kewaya abin da ke cina kafin in faɗa masa. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Bazoum a Yamai. Ran 30 ga wata ECOWAS ta ba su mako guda, ko su mayar da shi ko a zo da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina, Maradi ta kwana cikin duhu tana sauraron sama. Wanda ya karɓi baƙuncin hafsoshin ƙungiyar a Abuja suka tsara yadda za a shigo mana shi ne Janar Christopher Musa, ɗan Zangon Kataf haifaffen Sakkwato. Waɗanda aka aiko Yamai lallashi su ma tsofaffin wannan makaranta ne, Abdulsalami da ya yi Lebanon, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da ya riƙe bataliyar tankoki a Saliyo. Ƙungiyar da ta fara da kwastan, ta rubuta wa kanta dokar shiga rikici a Lome a 1999, ta haramta juyin mulki a Dakar a 2001, ta kori Jammeh daga Gambiya a 2017 ba tare da yaƙi ba, ga ta yau a ƙofar gidanmu. Mu ma ba baƙinta ba ne, sojanmu sun sa hularta a Gini Bisau a 1999.

Na ce, "Baba, da an ce a shiga, da 'ya'yanku sun shigo Maradi?" Ya ce, "Malam, soja ba ya zaɓen gari. Da an ba da oda da sun zo. Amma wanda ya ga Monrobiya ba zai so a ba da odar ba. Shiga kwana ɗaya ce, mu shekara tara muka yi ba mu gama fita ba." Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa, malamai da sarakuna suka yi ta safa da marwa, odar ba ta fito ba. Nijar da Mali da Burkina suka kafa tasu ƙungiyar a Satumban 2023, suka fice daga ECOWAS baki ɗaya a Janairun 2025.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana naɗe tabarma. Kujerar na-ƙi ta dawo aiki kan Siriya da Yukiren da Gaza. An rufe aikin Darfur a ƙarshen 2020, Mali ta sallami rundunar da ke ƙasarta a 2023, Afirka kuma tun 2005 take neman kujerun dindindin biyu a Kwamitin ba ta samu ba. A Disambar 2023 Kwamitin ya yarda zai iya biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin rundunar da Tarayyar Afirka za ta tura da kanta, wato rabon aikin nan na bayan Mogadishu yanzu an rubuta shi. Najeriya, wadda a da take sahun gaba da dubban sojoji a ƙarƙashin shuɗiyar hula, ta dawo da akasarinsu gida tun da Boko Haram ta yi ƙarfi. Samanja na da 'ya'ya biyu a kaki. Babban yana Borno, ƙaramin an tura shi Zamfara, ba wanda ya taɓa tsallaka iyakar ƙasa a cikinsu, alawus ɗinsu kuma da naira ake biya.